Macen Da Ta Sayi Gida: Shirin Zawarci Take Yi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wadda nake ji a gidan suna da gidan biki har ma da gidan gaisuwa, wato maganar macen da ta tara ɗan abin hannunta ta sayi gida ko fili. Mu nan Sabon Garin Jega, da zarar wance ta sayi gida, to kafin tawadar takardar ciniki ta bushe labari ya kai Aliero ya kai Maiyama. Wata ta ce Allah Ya sanya alheri, wata kuwa ta taɓe baki ta ce, "Uhm, wagga dai shirin zawarci taka yi." To shin gaskiya ne? Macen da ta mallaki gida ta yanke ƙauna ke nan daga aurenta?

Bari mu fara da garin kansa. Jega ba Kano ba ce, ba kuma Abuja ba. Gari ne madaidaici a bakin Gulbin Zamfara, wanda Malam Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen shekaru 200 da suka wuce, kasuwa kuma ita ta raya shi tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja. Har gobe nan ne hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suke haɗuwa. Garin da ya tashi da ciniki kuwa, matansa ba su san zaman kashe zani ba. Wata tana turara shinkafa, wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata kiwon tumaki don babbar salla, wata kuma ta sari albasar Aliero lokacin da take araha ta ajiye sai ta yi tsada. Ga adashi ana zubawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kuɗi su taru a hannun mace. Abin tambaya shi ne ina za ta kai su.

Yawancinmu dai mun san inda muke kai su: kwanukan jere, sabon gado, leshi da atamfar anko, sai wadda ta yi nisan tunani ta sayi 'yan kunnen gwal. Ban ce ado laifi ne ba, ni ma ina so. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowacce ta ga yadda kuɗin da aka ƙulle a bakin zani suke narkewa kamar gishiri a ruwa. Kwano yana tsatsa, atamfa tana koɗewa, yayi yana wucewa. Fili kuwa ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa. Kuma wani alherin ƙaramin gari shi ne abin da ba zai saya miki komai ba a babban birni, a nan zai iya sama miki ɗan kango ki riƙa ɗora bulo a hankali. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006 kuma, masu neman ɗakin haya a wannan yanki ba su yanke ba.

Yanzu mu koma ga masu cewa shirin zawarci ne. Ni a ganina, wanda ya haƙa rijiya da rani ba fari yake wa fata ba. Aure rai gare shi, miji ma rai gare shi. Na san wata baiwar Allah da ta yi shekaru a gidan mijinta lafiya lau, ba a taɓa jin kansu ba, sai Allah Ya yi masa rasuwa. Gidan da suke ciki na gado ne tsakaninsa da 'yan uwansa. Tana gama takaba aka zauna rabo, tumunin takabar da ya faɗo kashinsa ita da abokiyar zamanta suka raba, 'ya'yanta kuma duk ƙanana. Ba wanda ya zalunce ta, shari'a aka bi, amma abin da ta samu bai isa ya sama mata ko ɗaki guda ba. Ta kwashi marayu ta koma gidan yayanta, inda yau matar yayan ce ke auna mata ruwan wanka. Da tana da ɗan gidanta ko na ƙasa ne, da kukan rashin miji kawai za ta yi, ba ta haɗa da kukan rashin wurin kwana ba.

Addininmu kuwa bai hana ba. Dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, kuma samun gidanta bai sauke wa miji nauyin ba ta muhalli ba. To wane ne ya ce sai kwano da tukunya kaɗai ya halatta ta mallaka?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, masu tsegumin nan ba a banza suka samo maganarsu ba. Akwai matan da gida ya zame musu sandar dukan miji. Abu kaɗan sai gori, "To ni dai ina da wurin zuwa." Akwai kuma wadda za ta saya a ɓoye, maigida ya tsinci labarin a majalisa, a kunyata shi gaban abokansa. Wannan cin fuska ne, kuma a gari kamar namu ɓoyon ma wahalar banza ce. Dillali ya sani, mai unguwa ya sani, magini ya sani, yaron da ya tura baron yashi ya sani. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ki zaunar da maigida ki yi shawara da shi cikin ladabi, ki nemi albarkarsa, in da hali shi ne ma zai shige miki gaba wajen ciniki. Namiji mai hankali ya san gidan da matarsa ta gina, 'ya'yansa ne za su gaje shi.

Wannan idon jama'a da muke kuka da shi, 'yar uwa, shi ne fa babban abin da kike saya idan kin sayi gida a ƙaramin gari. A babban birni mutum yakan kwana uku yana jinya maƙwabci bai sani ba, kuma a sayar da fili ɗaya ga mutum uku ba wanda zai ce uffan, domin ba wanda ya san asalinsa. A nan kuwa tsohuwar da ke bakin rijiya za ta lissafa miki wanda ya fara share wurin, da wanda ya gada, da inda iyaka ta tsaya. Bakin da ya yi da ke yau, shi ne zai tsaya gaban alƙali gobe ya ce gidan nan na wance ne, da idona na ga ta gina shi. Ƙafar da ta kawo miki gulma ita ce za ta kawo miki kunu ranar da kika haihu. Ba a raba su, a ƙunshi ɗaya suke zuwa. Wadda take son shaidar mutane da taimakonsu, sai ta haƙura da surutunsu, kuma ta zauna da su lafiya. Shi ya sa magabata suka ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida.

Amma kada shaidar baki ta sa ki yi sake da takarda, domin tsofaffi suna tafiya. A rubuta takardar ciniki da sunanki da na mahaifinki, da iyakoki huɗu, da shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Kada kunya ta sa ki ce a rubuta sunan maigida ko na yayanki. Ranar da ya faɗi, magada ba su san zancen amana ba, abin da ke rubuce za a raba. Idan gidan gado ne ake sayarwa, ki tabbata duk magada sun yarda, har matan da ke aure a wasu garuruwa, kada wata ta ɓullo bayan kin yi rufi. Ki sani kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, don haka in Allah Ya hore, ki bi sawu a sama miki takardar shaidar mallaka ta hukuma. Sannan kada ki yi cinikin fili da rani kawai. Ki aika a duba miki shi a tsakiyar damina, cikin Agusta, a ga inda ruwa yake kwanciya. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a Jihar Kebbi, ba sai an gaya masa araha a bakin fadama ba ta ado ba.

Ku kuma 'yan mata, kada ku ce wannan zancen iyayenmu ne. Tun yanzu ake koyon riƙe kwabo. Tunkiya guda ita ke zama garke, kuma a juri zuwa rafi wata rana tulu zai cika, ba kullum yake fashewa ba.

Saboda haka amsata ita ce a'a. Macen da ta sayi gida da halalinta, da sanin mijinta, ba tare da gori ba, ba zawarci take shiryawa ba, asirinta da na 'ya'yanta take rufawa. Idan kin ji wata ta saya, ki ce Allah Ya sanya alheri, ki tambaye ta yadda ta yi. Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, amin.