Wa Ke Magana Sa'ad Da Mai Ciwo Ya Yi Zagi?

Akan ga magidanci mai ladabi, wanda ke ɗauke da cutar SIDA, ya fara kukan ciwon kai da zazzaɓi. Bayan kwanaki sai maganarsa ta rikice, hannu ɗaya ya mutu, wani lokaci har ya faɗi da farfaɗiya. Ya zagi matar da ta yi shekara ashirin tana dafa masa tuwo. Maƙwabta su ce sammu ne. Waɗansu cikin ikkilisiya su ce halinsa na ɓoye ne ya fito, hukuncin Allah ya same shi.

Sau da yawa abin da ke kansa wata 'yar ƙwayar cuta ce mai suna toksoplasma, wadda masana suka gano a Tunis a shekara ta 1908. Tana shiga mutum ta naman da bai dahu ba, ko ƙasa da ganyen da kashin kyanwa ya taɓa. Wajen mutum ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita, tana kwance shiru. Sai garkuwar jiki ta karye, ƙwayoyin CD4 suka yi ƙasa da 100, sa'an nan ta farka ta yi ƙuraje a ƙwaƙwalwa.

To, in haka ne, wane zunubi ta tona? Mai yiwuwa tun yana yaro ya same ta a bakin tukubar mai tsire. Mai yiwuwa kuma tana jikin dattijon da ke yanke masa hukunci.

Zagin dai yana da zafi, ba a ce wa matar kada ta yi kuka ba. Amma laifi yana bukatar nufi, ƙurji kuwa ba shi da nufi. Tambaya tana kan masu lafiya: wa ya rufe shi a ɗaki don kunya, har mako biyu suka wuce? Wa ya ce addu'a ta isa, kai shi asibiti rashin bangaskiya ne?

Gama ciwon yana jin magani. Kotrimoksazol, mai araha, yana hana shi tashi, likitoci kuma suna warkarwa da shi. Yawancin masu sha sukan fara dawowa hayyacinsu cikin mako biyu, a ci gaba har mako shida, a haɗa da maganin SIDA na kullum. Wani yakan farka bai tuna ko kalma ɗaya da ya faɗa ba. Matarsa ce ke tunawa.