Fatawa: Innata 'yar Katolika ce, dangi sun mai da ita abin ba'a

Tambaya

Malam, ni Musulmi ne. Mahaifiyata ta musulunta tun kafin aurenta, amma danginta da ke kudancin Kaduna Kiristoci ne. Yawancinsu 'yan ECWA ne, sai ƙanwarta guda da ta auri ɗan Katolika ta bi cocin mijinta. Duk sa'ad da aka haɗu a biki ko zaman makoki sai a tasa ta gaba. 'Yan'uwanta su ce tana bautar gunkin Maryamu, ƙannena Musulmi kuma su taya da dariya. Ranar sunan ɗana wani yaro ya ɗauke carbinta ya rataya wa akuya, aka kuma ware mata kofi da kwano. Tun daga ranar ba ta sake tako gidanmu ba. Wani abokina ya ce in rabu da ita, wai hakan shi ne nuna ƙin shirka. Mene ne hukuncin abin da muka yi? Kuma 'yar innar tawa za ta yi aure a coci, ko ya halatta in je?

Amsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, abin da aka yi wa innarka haramun ne, kuma shawarar abokinka kuskure ce. Aƙidarmu game da Annabi Isa da mahaifiyarsa a fili take: shi bawan Allah ne kuma manzonsa, ita kuma baiwar Allah ce tsarkakakka, ba a roƙon ɗayansu, ba a durƙusa wa surarsu. Ba wanda ya ce ka sassauta wannan ko da ƙwayar zarra. Amma ƙin yarda da aƙidar mutum daban, wulaƙanta shi daban, kuma Shari'a ta raba su tun a Madina.

Asma'u 'yar Abubakar ta zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da tambaya irin taka. Mahaifiyarta ta ziyarce ta daga Makka a lokacin sulhun Hudaibiyya, tana kan shirkarta, tana kwaɗayin alherin 'yarta. Annabi ya umarci Asma'u da ta sada zumunci da ita. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malaman tafsiri da dama sun danganta aya ta 8 a Suratul Mumtahana da wannan ƙissa, ayar da ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Wannan fa mai bautar gumakan Ƙuraishawa ke nan. Innarka kuwa ma'abociyar Littafi ce, kuma a ƙissar renon 'yar Hamza Annabi ya ajiye 'yar'uwar uwa a matsayin uwa. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya yi bayani a littafinsa Al-Furuƙ cewa kyautata wa wanda ba Musulmi ba halal ne, abin da aka hana shi ne son addininsa da girmama alamomin kafirci. Tausasa magana, taimakon mai rauni, kare mutuncinsa a bayan idonsa, duk ya lissafa su a cikin kyautatawar da aka yarda da ita.

Maganar carbi da akuya ita ta fi tsaya mini a rai. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke kira koma bayan Allah, domin kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Malaman Usulu suna kafa hujja da ita a babin toshe hanyar ɓarna, wanda mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowa riƙo da shi. Ka tambayi kanka, 'ya'yan innarka da suka ga carbin uwarsu a wuyan dabba, me za su faɗa ranar da suka ga tasbaha a hannunka? Yaron ba shi da laifi a Shari'a idan bai balaga ba. Laifin na manyan da suka ƙyalƙyale da dariya ne, domin daga bakinsu ya koya.

Akwai kuma abin da ƙannenka ba su lura da shi ba. Gardamar da suka tsoma baki a ciki ba tamu ba ce. Tsohuwar rigima ce tsakanin Kiristoci, wadda ta faro a Jamus a 1517 lokacin da Martin Luther ya ƙalubalanci cocin Roma, kuma 'yan mishan suka shigo da ita ƙasar nan kowa da tasa majami'ar. ECWA ta fito ne daga ƙungiyar mishan ta SIM, Katolika kuma suna ƙarƙashin Paparoma. Sun saɓa a kan matsayin Fada, da roƙon ceton tsarkaka, har da adadin littattafan Baibul, inda Katolika ke da 73, su kuma 66. Amma a kan Allantakar Isa da gicciye shi, wato ainihin inda muka rabu da Kiristoci, bakinsu ɗaya. To Musulmin da ya goyi bayan ɓangare guda don a ci zarafin ɗaya, wace gaskiya ya kare? Ya dai ara bakinsa an ci masa albasa. Abin tsoro ma shi ne, a cikin zafin irin wannan musu wani yakan zarce ya ce Maryamu mace ce kawai kamar kowace mace. Musulmin da ya yi dariya a nan ya taɓa nasa addinin, domin ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambaci sunanta, aka sa wa sura ta 19 sunanta, kuma Suratu Ali Imrana ta shaida an zaɓe ta a kan matan talikai. Farkon surar Maryam Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha, har sarkin ya yi kuka.

Adalci ya shafi yadda ake ba da labarin aƙidar mutum. Idan ka tambayi ɗan Katolika zai ce maka ba ya bauta wa Maryamu, girmama ta yake yi yana neman ta roƙa masa Allah, kuma haka cocinsu ke koyarwa. Mu a wurinmu wannan roƙon bai halatta ba, kuma muna da hujjarmu a kai. Sai dai in za ka yi jayayya da ita, ka faɗi abin da ta yi imani da shi kamar yadda take faɗarsa, sa'an nan ka kawo naka dalilin. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, aya ta 46 a Suratul Ankabut kuma ta ɗora mana sharaɗin kyakkyawar hanya a muhawara da Ahlul Kitabi. Ni a ganina ma, mai ƙaramin sani ya bar muhawarar gaba ɗaya. Taron suna da gidan makoki ba wuraren munazara ba ne.

Ware kofi da kwano ba shi da asali. A mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa. An halatta mana abincin Ahlul Kitabi a aya ta 5 ta Ma'ida, kuma Bukhari ya kawo cewa Umar ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya. Abin da za ka kiyaye a gidanta shi ne naman alade da giya, ko burkutu ce. Kwanon da aka dafa su a ciki a wanke, shi ke nan.

Don haka wajibinka ne ka taka ƙafa ka je har gidanta, ba ta waya ba. Ka tafi da mahaifiyarka in tana da iko, ka riƙa mata ɗan alheri, ka durƙusa ka gaishe ta gaisuwar ɗa ga uwa, ka ce: Inna, abin da ya faru a gidana ya faru, ni ya kamata in hana ban hana ba, ki yafe mini. Kada ka haɗa ban haƙuri da wa'azi a zama guda. Ƙannenka kuma ka tara su ka gaya musu wannan magana ta ƙare a gidanka. Kawunnanka na ECWA ba ka da iko da abin da ke zuciyarsu, amma kana da iko da zaurenka. In suka fara, ka ce da ladabi: Kawu, a bar wannan zance, baƙuwata ce. In sun ƙi, ka tashi ka bar wurin.

Batun auren 'yarta akwai rarrabewa. Ibadar da ake yi a cikin coci, da addu'o'insu da durƙuso da cin jibi, ba ka shiga ciki. Shiga ginin kansa malamai sun yi saɓani, kuma an ruwaito Umar ya ƙi shiga saboda surorin da ke ciki, cocin Katolika kuwa ba ya rasa su. Abin da nake ba ka fatawa a kai shi ne ka bar zaman cocin, ka je gida. Ka kai gudummawarka, ka taya su hidima, ka ci abincin da ya halatta, ka yi wa amarya fatan zaman lafiya, ka kauce wa inda ake shan giya. Ka sanar da innarka tun da wuri dalilin da ya sa ba za ta gan ka a coci ba, domin kada ta ɗauka ci gaban wancan wulaƙanci ne. Haka nan in ta yi rashin lafiya ka duba ta, kamar yadda Annabi ya duba yaron Bayahude da ke masa hidima, in an yi mata rasuwa ka yi mata ta'aziyya da kalmomin haƙuri. Gado ne babu tsakanin mabambanta addini, amma kyauta a raye da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba duk sun halatta gare ta.

Wallahu a'alam.