Ma'aikaciyar Lafiya Da Ɗakin Kwanan Ɗanka: Ina Iyakar Sirri?



Gida yana da alfarma. Addini ya hana a faɗa gidan mutum ba sallama ba izini, Bahaushe kuma ya gina zaure, wani har "Ba Shiga" yake rubutawa a ƙofa. To ga tambaya: yaronka yana fama da fuka, wato asma, sai ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ce tana son ganin inda yake kwana. Ka hana, ka ce sirrin gidanka ne. Haƙƙinka ka kare, ko na yaron ka danne?

Ita asma, hanyoyin iska ne a huhu suke kumbura su tsuke, majina ta taru, sai ka ji ƙirjin yaro yana fito cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke ɗauke da ita a 2019. Ko asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ka kai shi, likita zai saurari ƙirji ya rubuta maganin shaƙa, kuma wajibi ne a yi amfani da shi yadda aka ce. Amma abin da ke tayar da ciwon ba ya bin yaron asibiti. Yana can gida: hayaƙin kara da itace, igiyar leko, kaskon garwashi lokacin hunturu, ƙurar tsohuwar katifa, kyankyasai, sigarin maigida.

Sai kuma wanda ba a son a taɓa, turaren wuta. Ƙamshi abu ne mai kyau, babu mai jayayya. Uwargida ta turara ɗaki don mijinta, ta yi niyya mai kyau. Amma fa huhun yaro bai san niyya ba, hayaƙi kawai ya sani. Malamai sun ce ture cuta ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Ƙamshin ɗaki amfani ne. Yaro ya kwana a zaune yana haki, cuta ce. Kuma mai gida ba ya ganin wannan, hancinsa ya riga ya saba. Sai baƙon ido.

Ga mutanen Garki wannan ba sabon abu ba ne. Tsakanin 1969 da 1976, Garki tana cikin tsohuwar jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan nan, har cikin ɗakuna aka shiga ana fesa magani a bango. Iyaye da kakanni sun buɗe ƙofa, martabar gidajensu kuwa ba ta zube ba.

Abin da nake gani, izini naka ne, babu mai ƙwace shi. Kana iya cewa mace ce za ta shiga, ka sa lokaci, ka ce kana nan za a yi. Amma ikon nan an ba ka shi ne don ka kare na cikin gidan. Ranar da ka juya shi ka toshe wa yaro hanyar numfashi, wallahi ka sa shi inda ba muhallinsa ba.

Ke ma 'yar'uwa ma'aikaciya, ko a Jahun kika yi karatu ko a ina, abin da kika gani amana ce. Kika fita kina ba da labarin katifar wance, kin rufe ƙofar gidaje goma. Kuma kar ki ce wa matar da ke tsintar kara ta sayi gas. Faɗa mata abin da za ta iya: a matsar da murhu nesa da ɗakin kwana, a sauke goyon kafin a hura wuta, a yayyafa ruwa kafin shara, a shanya shimfiɗa a rana, gidan sauro ya maye gurbin igiyar leko. Turaren kuma a yi shi a wani ɗakin, ba inda yaron yake kwana ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.