Mai Ɗaukar Kayan Jimla

Idan jarrabawar WAEC ta matso, azuzuwan darasin yamma kan cika a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma akwai kuskuren da malaman Turanci suka gaji da gyarawa: "Did he went?" Malam zai soke "went" ya rubuta "go". Ɗalibi ya yi kasaƙe. Ai tafiyar jiya aka yi ta, me zai hana a ce "went"?

Aikatau a Turanci iri biyu ne. Akwai babba mai ɗauke da ma'ana, kamar "go", "eat" da "sell". Akwai kuma mataimaki: "be", "have" da "do", sai irin su "will", "can" da "must". Idan babba yana shi kaɗai, shi ke nuna lokaci, sai "go" ya koma "went". Amma da zarar mataimaki ya shigo, sai babban ya sauke masa kayan duka. "Did" ya riga ya ce jiya ce, don haka "go" ya zauna yadda yake. Haka "he goes" ke zama "he does not go", har ɗan harafin "s" ɗin ma mataimaki ne ya karɓe shi. Shi ke tsallakowa gaba idan za a yi tambaya, shi ake rataya wa "not" idan za a kore magana. In an ce "Yes, he did", babban ma ba ya nan, mataimaki ne ya amsa a madadinsa. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, don a "ya tafi" da "zai tafi", ƙaramar kalmar da ke gaba ce ta san lokaci.

Abin mamaki, wannan mataimaki mai shan wahala shi baki ke yankewa. "I have" ya zama "I've", "she will" ya zama "she'll". Ba a gutsure babba irin "go" ko "eat" haka.

Haka abin yake ko a tsakanin mutane: ka leƙa Kasuwar Tarauni da sassafe. Sunan Alhaji ne a jikin allon shago, amma yaron shago ne ya ɗaga ƙofa, ya share, ya jera kaya. Shi ya san buhun da ya shigo jiya da wanda zai ƙare gobe. Shi ake turawa ya ce wa mai neman bashi "babu", ya sha harara. Maigida ya tafi ɗaurin aure, ciniki bai tsaya ba. Allah Ya tsara al'amura ta yadda babba ba ya tsayuwa sai da na ƙasa, amma na ƙasan sau da yawa "kai yaro" ne sunansa, ko a gutsure Abdullahi ya koma Audu ba tare da an tambaye shi ba.

In hanya ta bi da kai kasuwar, kafin ka karɓi canjinka, tambayi yaron nan cikakken sunansa.