Tsutsa a Cikin Kara

Ya Ubangiji, yau na tashi da asuba zuciyata a cunkushe, kamar kogin da ciyawa ta rufe.

Sai na tuna da wata ciyawa mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, mai fure ruwan shuni. Asalinta Kudancin Amurka. Don kyan furenta aka kai ta ƙasar Amurka wajen 1884, mutane suka zuba ta a tafkunan gidajensu. Kafin a ankara ta toshe kogunan Fulorida, jirgin ruwa ya rasa hanya.

Haka son yabo ya shigo mini. Da hannuna na dasa shi, don ya yi mini kyau a ido.

An sare ciyawar nan da inji, ta sake tofowa. An fesa mata magani, ta dawo. Daga baya masana suka koma can mahaifarta, suka nemo abin da ke cinta. A 1977 suka saki wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare, dangin asu, da aka ɗauko daga Ajantina.

Ɗan mitsitsi ne. Macen takan saka ƙwai a jikin ganye. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda kara mai taushi, ta shige tana ci daga ciki. Ruwa ya bi ramin, karan ya ruɓe, ya nutse. Mai tsaye a bakin gaɓa kuwa kore shar yake gani, ya ce ba a yi komai ba.

Ni ne mai tsayuwar nan, ya Allah. Katafila nake roƙonka kullum, ta zo da ƙara ta share mini zuciya kafin rana ta faɗi. Kai kuwa sai ka aiko da ƙaramin abu. Wata magana da ɗana ya faɗa a kan tabarma. Kunyar da ta kama ni jiya, da na ji bakina yana zuzuta kaina.

Ko asun nan ma bai share kogi shi kaɗai ba. Raunana ciyawar yake yi, wasu ƙwari su kama masa, shekara da shekaru. Ban so jin wannan ba, amma ya kwantar mini da hankali. Ba ka gaggawa, ba ka kuma manta da ni ba.

Ga ni nan. Ka ci gaba da aikinka a inda idona ba ya kaiwa, ka ba ni haƙurin jira.