SHAKKA BA TA SOKE KIRAN ALLAH

Mu tuna da masu bishara da suka bar garuruwansu, suka zauna tsakanin Maguzawa a ƙauyukan Karaye da Rogo. Wani ya kan yi damina biyar yana noma da rana, yana koyar da karatu da dare, amma ran Lahadi daga shi sai iyalinsa a ɗakin sujada. Sai zuciya ta soma tambaya, "Anya Allah ne ya kira ni?" Mu kanmu mun san wannan tambaya, ba za mu ɓoye ba.

Waɗanda suka riga mu sun ɗanɗana abin da ya fi wannan ɗaci. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida ba ko mutum ɗaya da ya tuba. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 aka kafa aiki a Pategi. A 1932 muka sami dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 kuwa ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ku duba Matta sura 28. Sa'ad da almajirai suka ga Ubangiji a kan dutse a Galili, suka yi masa sujada, amma waɗansu suka yi shakka. Bai ware masu shakkar ba. Dukansu ya aika, ya kuma yi alkawarin zama tare da su. Ashe kira yana tsaye bisa amincin Mai kiran ne.

Manomin Rogo ya san binne. Ya kan zuba gero cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗo ba, ya koma gida ya jira. Ruwa na Allah ne.

Ɗan'uwa mai bishara, kai shakkarka gaban Ubangiji cikin addu'a, ka faɗa wa dattawanka, kada ka bar gonar. Mu kuwa na ekklesiya, kada mu bar shi shi kaɗai. Mu ziyarce shi, mu aika masa damin dawa da kaka, mu ambaci sunansa kullum cikin addu'a. Allah ya ƙarfafa bayinsa. Amin.