KAMBIN DA BA YA YAUSHI

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27, 11:23-29

Wata Asabar da yamma na tarar da maƙwabciyarmu a nan Kamazou tana zaune a tabarma, da waya da almakashi da farin kirtani a gabanta. Ita 'yar Katolika ce, 'yarta kuwa za ta karɓi Jibin Ubangiji karo na farko washegari. Ta auna kan yarinyar, ta lanƙwasa wayar ta zama zobe, ta naɗe ta da ƙyalle don kada ta soke ta, sannan ta shiga ɗaura fararen furanni ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye ta me ya sa ta bar aikin sai daren ƙarshe. Ta ce, "Baba Fasto, ai ɗanyen fure ba ya jira. In na haɗa tun jiya, kafin Lahadi zafin Kaduna ya gama da shi. Na roba kuwa ba ya yaushi, amma ba rai, ba ƙanshi."

Tun shekara ta 1910, da Paparoma Pius na goma ya ba da umarni, yaran Katolika sukan fara karɓar jibi suna da kamar shekara bakwai. Al'adarmu dabam ce, amma maganar matar nan ta bi ni har gida.

Manzo Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida. Kusa da birnin akan yi manyan wasannin tsere duk bayan shekara biyu. Masu tsere sukan hori jikinsu, su hana kansu abin marmari, ladan wanda ya ci kuwa kambin ganye ne da zai bushe cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa Bulus ya tuna wa masu bi cewa namu kambin mai dawwama ne, ya kamata himmarmu ta fi tasu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane irin kambi ne a kanka? Akwai bangaskiya irin ta ɗanyen fure: ranar taron farkawa tana ƙanshi, amma da rashin aiki ko ciwo ya zo, sai ta yi yaushi. Akwai kuma ta furen roba: kayan Lahadi tsaf, waƙa a baki, amma ba addu'a, ba Ruhu Mai Tsarki, sai ƙurar hunturu. Dukansu biyu ba za su tsaya a ranar Ubangiji ba.

Ka tuna, kambin da sojojin Roma suka saƙa wa Yesu na ƙaya ne. Gurasa da ƙoƙon da muke karɓa suna shaidar jikinsa da jininsa. Don haka Bulus ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci. In kana riƙe da wani a zuci, je ka shirya da shi kafin Lahadi. In kuɗin wani na hannunka, ka mayar.

Iyaye, ɗinka wa yara sababbin kaya ba laifi ba ne. Amma wanda ya ci bashi don ƙawata kan yaro, bai zauna ya koya masa ma'anar gicciye ba, ya gyara rufi ya bar tushe. Yau da dare ka buɗe Littafi Mai Tsarki da 'ya'yanka.

Addu'a: Ya Uba, ka bincike zuciyata. Ka cire duk abin da ya mutu a cikina, ka cika ni da Ruhunka. Ka riƙe ni da gidana har mu karɓi kambin rai, cikin sunan Yesu. Amin.